Ɓeran Masar da damin ciyawa: na koyi sunsunawa kafin in biya kuɗi

Wata safiya cikin watan Agustan bara ina zaune ina shan shayi, sai ɗiyata mai shekara 9 ta zo ta tsaya a kaina. "Baba, farar ba ta yi kuka ba yau." Duk wanda ya taɓa kiwon ɓeran Masar ya san abin da take nufi. Dabbar nan da ta ji motsin ƙofa ko ƙarar leda sai ta ɗauki wani siririn fito kamar na usur, ba za ta bari ba sai an ajiye mata abinci. Ranar da ta yi shiru, to akwai magana.

Guda biyu muke da su, cikin akurkin katako da raga a gindin dogon yaro da ke tsakar gidanmu a nan Maraɗi. Mai roɗi-roɗin na ta kai da komo, farar kuwa ta takure a lungu, gashi a tashe, ciki ya kumbura ya yi tauri, numfashi da ƙyar. Kafin azahar na kai ta wurin wani likitan dabbobi. Ya tattaɓa cikinta, ya saurari ƙirjinta, sannan ya tambaye ni me suke ci. Na ce ciyawa mana, kamar kullum. Ya ce in koma gida in ɗauko masa damin gaba ɗaya, ba 'yar wadda ke cikin akurki ba.

Da na kawo, bai ko kalli bayan damin ba. Igiyar ya kwance, ya cusa hannu har gwiwa, ya zaro tsakiya. Wani wari ya taso irin na ɗakin da ya shekara a rufe, ciyawar ta manne da juna ta yi toka-toka, kuma da na taɓa sai na ji ɗumi. Kwana tara ke nan ina ɗibar musu daga wannan damin, wanda na biya jika ɗaya da rabi ina murna na yi arha. Farar ba ta kai asuba ba. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne yarinyar ta ɗauka laifinta ne, don ita ke zuba musu kowace safiya kafin ta tafi lakol.

Bari in ɗan koma baya saboda waɗanda ba su san dabbar ba. Mu Hausawa mun ce ɓeran Masar, Faransawa sun ce aladen Indiya, Turawan Ingila sun ce aladen Gini, kuma dukanmu mun ɓata hanya. Asalinsa tsaunukan Andes ne a Kudancin Amurka, wajen Peru da Bolibiya da Ekwado, inda aka yi dubban shekaru ana kiwonsa don nama. A Afirka ma akwai masu kiwonsa sosai, musamman a yammacin Kamaru da gabashin Kwango. A garuruwanmu dai yawanci yara ne ke ajiye shi don sha'awa, gefen zomaye da tattabaru. Babba yakan kai giram 700 zuwa 1,200, yana kuma yin shekara 5 zuwa 7 idan ya sami kulawa. Ba alade ba ne, kada sunan ya ruɗe ku, dangin masu gwaguya ne.

Dalilin da ya sa ciyawa ta zama rai da mutuwa gare shi yana cikin bakinsa da cikinsa. Haƙora 20 ne da shi, kuma dukansu, na gaba da turamen ciki, ba sa daina tsiro har ya mutu. Taunar ciyawa mai kaushi ce ke goge su. Idan ya rasa ta, turamen sukan yi tsawo su karkata har su danne harshe, sai ka ga yana dalalar da miyau, abinci na gabansa amma ya kasa ci. Cikinsa kuma ba ya son tsayawa ko kaɗan. Yana da wani babban aljihu a hanji cike da ƙananan halittu masu narkar da zaren ciyawa, kuma dole abinci ya yi ta wucewa dare da rana. Ba ya iya amai, don haka duk abin da ya haɗiya, mai kyau ko marar kyau, sai ya bi hanyarsa har ƙarshe. Shi ya sa likitocin dabbobi ke cewa kusan kashi 80 cikin 100 na abincinsa ya zama busasshiyar ciyawa, wadda tsofaffinmu ke kira ingirici, kuma kada a bar akurki babu ita.

Kuskurena na farko shi ne na auna shi da akuya. Mu 'yan Maraɗi kowa gwani ne a kan jar akuya, kuma mun saba ganin ta cinye abin da bai ko kama da abinci ba ta kwana lafiya. Amma akuya tana da tumbi, tana tuƙa, kuma halittun da ke cikin tumbin kan rage ƙarfin wasu gubobin kafin su shiga jini. Ga ta kuma da jiki, ta ninka ɓeran Masar sau ashirin ko fiye. Shi kuwa kilo ɗaya ne, hancinsa kullum a cikin ciyawar, a ciki yake kwana, a ciki yake ɓuya. Ƙurar funfuna da akuya za ta yi atishawa ɗaya ta wuce, shi huhunsa take sauka.

Bayan abin ya faru na yi fushi, na koma kasuwa da niyyar yin faɗa. Ban tarar da wanda ya sayar mini ba, mai amalanke ne da ya shigo daga ƙauye ya sauke ya tafi. Wani dattijo mai sayar da harawa a gefe ya saurare ni har na gama, sannan ya yi dariya ya ce, "Ɗana, kai da ido ka saya. Ciyawa ba a sayenta da ido." Ya jawo dami biyu ya ce in zaɓa. Na nuna wanda ya fi kore. Ya ce in kwance shi in sa hancina. Wallahi shi ne ruɓaɓɓen. Ɗayan da bayansa ya koɗe ya yi fari-fari saboda rana, da aka buɗe cikinsa sai ga kore shar, ga ƙamshi.

Tun daga ranar hanci na fara sawa gaba. Ciyawa mai kyau ƙamshinta mai sauƙi ne, kamar na gona bayan an yi yanka, ko kamar ka buɗe sabon ƙunshin ganyen shayi. Idan ka ji warin gumi, ko tsami, ko warin tsohuwar tabarma da ta sha ruwa, ajiye ta ka wuce. Akwai wani ƙamshin da ke yaudarar mutane, mai zaƙi-zaƙi kamar na taba ko ƙonannen sukari, kuma ciyawar sai ta yi launin ƙasa-ƙasa. Wannan alama ce an ɗaure ta da sauran danshi ta dafa kanta a ciki. Dabbobi ma sukan so ta, amma ta riga ta rasa amfani mai yawa, kuma yanayin da ya dafa ta shi ne dai yanayin da funfuna ke so. Masana kiwo na cewa ciyawar ajiya ya kamata danshinta ya sauka zuwa wajen kashi 15 cikin 100. Da ya haura kashi 20 sai ta fara zafi da funfuna, kuma idan tulin babba ne zafin kan iya kaiwa har ta kama wuta da kanta. Ciyawar da ba ta da ƙamshi ko kaɗan kuma tsohuwa ce kawai. Ba za ta kashe ba, sai dai za ka ga ya tattake ta ya yi fitsari a kai ya ƙi ci.

Sai hannu. Kada ka yarda a ba ka daga gefe, ka cusa hannunka tsakiyar damin ka ɗan dakata. Ɗumi ko sanyin danshi, duka biyun ba alheri ba ne. Zaro damƙi guda ka murɗa kamar kana matse wanki. Busasshiya za ta yi ƙara ta fara karyewa bayan murɗa biyu ko uku. Mai danshi sai ta yi ta lanƙwasa kamar igiya ta ƙi tsinkewa. Dattijon ya ƙara nuna mini wata dabara, ya kankare kara guda da farce: idan fatar ta saluɓe ta biyo farcen, bai bushe ba tukuna. A ɗaya gefen kuma, wadda kana taɓawa ta zama gari a tafin hannunka ta wuce ƙa'ida, ganyen ya kakkaɓe, itace kawai za ka kai gida.

Gwajin ƙura shi ne ya fi ba ni wahala, don a ƙasarmu me ba shi da ƙura? Ciyawar da ta kwana bisa rumfa cikin hunturu dole ta kwashi rairayi. Ga yadda nake rarrabewa: in ɗauki damƙi in tsaya inda hasken rana ke ratsowa in kaɗa shi. Ƙurar ƙasa nauyi gare ta, tana zuba ƙasa nan da nan, launinta ja-ja ne. Ƙurar funfuna kuwa fara ce ko toka-toka, tana tashi sama ta tsaya cikin iska kamar hayaƙi, kuma takan shaƙe maƙogwaro. Ta farkon ana iya kakkaɓewa a waje, a tankaɗe a kan raga kafin a zuba musu. Ta biyun ba ta da gyara. Kuma don Allah kada a sa yaro ya yi wannan gwajin, balle mai ciwon asma.

Na ce ba ta da gyara, kuma a nan ne muka sha musu da maƙwabcina. Shi cewa yake a baza ta a rana kwana biyu shi ke nan. Rana na busar da funfunar, gaskiya ne, har ka daina ganinta. Sai dai wasu nau'o'in funfuna, kamar wadda ake kira Aspergillus flavus, suna barin guba a cikin abin da suka hau, kuma gubar ba ta tafiya don an shanya ko an dafa. Sunanta afulatoksin, hanta take ci. Duniya ta san ta ne a 1960, lokacin da talo-talo sama da 100,000 suka mutu a Ingila, aka bi sawu aka gano tunkuzar gyaɗa ce da aka shigo da ita daga Barazil. Ba kowace funfuna ke yin wannan gubar ba, amma ido ba ya bambance mai yi da marar yi, don haka ni duk damin da na ga tabo a tsakiyarsa, gaba ɗayansa nake fitarwa, ba na tsince mai kyau daga gefe. Maƙwabcin nawa ya ce to in ba shi ya ba akuyarsa kada a yi asara. Na hana shi, saboda akuyar tatsa ce, kuma wani ɓangare na gubar nan yana bi ta cikin nono, yaransa ne ke sha. Ƙonawa muka yi a bayan gida.

Maganar gyaɗa ta kawo ni kan harawa. A wurinmu idan aka ce abincin dabba mai daraja, harawar wake da ta gyaɗa ake nufi, su ne ake turka ragon layya da su. Ni ma da farko gani nake gata nake yi wa ɓerayen idan na saya musu. Ashe ba haka ba ne. Ganyen dangin wake yana da yawan sinadarin kalsiyam da abin gina jiki, kamar dai alfalfa da ake nomawa a wasu ƙasashe. Ga jarirai masu tasowa da uwa mai ciki ko mai shayarwa yana da amfani. Ga babban da ya gama girma kuwa, yawan kalsiyam na iya taruwa ya zama tsakuwa a mafitsara, ka ga yana kuka lokacin fitsari, wani lokaci har da jini. Don haka harawa ta zama ɗan taɓawa, ba tuwon kullum ba. Sannan harawar gyaɗa takan zo da ragowar 'yan ƙananan gyaɗa a maƙale a saiwa, waɗanda suka sha ƙasa da danshi, kuma a nan funfunar da na ambata ta fi son zama. Ina tsinke su in zubar. Ita kuma harawar wake, a tambayi mai ita ko an yi wa gonar feshin maganin ƙwari dab da girbi, don wake na cikin amfanin gonar da ake yawan fesawa.

Abin da ya fi dacewa da su shi ne ciyawar daji mai siririn kara da yawan ganye, irin su harkiya da burburwa, ko kyasuwa da gamba da aka yanka tun suna ɗanyu kafin su yi kai su zama itace. Mutanen Yamai suna da burgu daga bakin kogi, ita ma ciyawa ce ta gaske, sai dai kararta kauri gare shi kuma cike yake da ruwa, bayansa kan bushe cikinsa na jiƙe, don haka a karya a duba. Karan hatsi da na dawa ba abincinsu ba ne.

Ciyawar daji kuma takan zo da baƙi. Ni nakan zazzage ta a kan tabarma in bi ta da hannu kamar mai tsintar shinkafa. Ƙarangiya ce babbar abokiyar gaba, tana maƙalewa a gashi da leɓe, kuma tsinin kara ko ƙaya na iya soke musu ido tun da kai suke cusawa ciki. Ina neman busasshen ganyen tunfafiya ko na zaƙami, duka biyun guba ne. Ina neman guntun leda, da waya, da igiyar roba. Idan na ga kashin ɓeran gida ko na ji zarnin fitsarinsa, damin ya tashi daga aiki, domin ɓeran gida na ɗauke da cututtukan da ke kama ɓeran Masar, wasu ma har mutum. Wadda aka yanko a bakin kwalta ko gefen bola ma ba na saye.

Akwai masu hali da ke sayen ciyawar da aka shigo da ita cikin leda daga Turai ko Amurka, yawanci wadda ake kira timoti, ciyawar ƙasashen sanyi ce da ba ta yi a zafinmu. Wani abokina ya taɓa kawo mini ƙunshi ɗaya tsaraba. Tana da kyau, ba musu, amma hoton da ke jikin leda ba shi ke nuna lafiyarta ba. Ta yi tafiya a jirgin ruwa, ta zauna a sito, ta sha zafi a mota. A duba ranar da aka rubuta, a duba ko akwai gumi a cikin ledar, a buɗe a sunsuna kamar dai ta kasuwar ƙauye. Kuma da an buɗe a juye ta cikin kwali.

Lokacin saye ma yana da nasa hukunci. Da kaka, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, ciyawa sabuwa ce, iska ta bushe, kuɗinta da sauƙi. Da bazara ta yi tsada ta koɗe amma galibi lafiyarta lau, don babu danshin da zai ɓata ta. Damina ce lokacin haɗari, kuma Agusta ya fi kowane wata. Abin da ya rage na bara ya sha ruwa bisa rumfuna da rassan itatuwa, sabuwar da aka yanka kuma ba ta samun rana isasshiya, sai a ɗaure ta da sauri a kawo kasuwa. Damin da ya kashe mana farar irin wannan ne. Bana na canja tsari. Na saya da kaka, na zuba cikin buhunan algarara da kwalaye masu huji, na ɗora bisa katako tsayin taki ɗaya daga ƙasa, nesa da bango saboda gara da raɓa, a ɗakin da iska ke ratsawa kuma rana ba ta shiga. Buhun leda ko bokiti mai murfi ba wurin ciyawa ba ne, gumi take yi a ciki. Duk mako nakan cusa hannu in ji.

Da ruwa ya sauka kuma ɗanyar ciyawa ta samu, ina ba su, amma da kaɗan-kaɗan na fara har cikinsu ya saba, kuma ba na tara ta tuli. Ɗanyar ciyawa idan ta yi 'yan sa'o'i a cushe cikin buhu sai ta ɗauki zafi ta fara tsami, ita ce ke kumbura ciki. Abin da suka bari da safe, da yamma an kwashe. Wadda suka yi wa fitsari a akurki ma kullum ake fitarwa.

Wani abu da ciyawa ko ta fi kowace kyau ba za ta ba su ba shi ne bitamin C. Kamar mutum, jikin ɓeran Masar ba ya haɗa shi da kansa. Da shi ne ma wasu likitoci biyu a Norwe, Axel Holst da Theodor Frølich, suka nuna a 1907 cewa ciwon nan mai sa dasashi jini daga rashin wani abu a abinci yake zuwa. Babba na buƙatar kamar miligiram 10 zuwa 30 a rana. Mu yankan ɗanyen tattasai muke ba su kullum, wani lokaci ɗan gwaiba, da ɗan ganyen zogale jefi-jefi. Albasa, tafarnuwa, ganyen tumatir da na dankalin Turawa, waɗannan ba a kusantar da su.

Likitan ya ja mini kunne a kan abu biyu da nake son duk mai kiwon ya ji. Na farko, ɓeran Masar yana ɓoye ciwo, halin dabbar da ake farauta ne. Idan ya yi rabin yini bai ci ba, ko kashinsa ya ƙanƙance ko ya ɗauke, ko hanci na yoyo, ko numfashi na ƙara, a nemi likita ran nan, ba gobe ba. Ya ce in riƙa ɗora shi a sikelin kicin duk mako, don sikeli kan ga ramar da gashi ke ɓoyewa. Na biyu, kada a kuskura a buɗe kafso na mutane a zuba masa a ruwa kamar yadda ake yi wa kaji. Magungunan dangin fenisilin, irin su amoksisilin da amfisilin, suna kashe halittun da ke hanjinsa, zawo ya biyo baya, sau da yawa kuma mutuwa. Na yi shiru da ya faɗi haka, don da safen nan kafin in zo wurinsa saura kaɗan in yi.

Mai roɗi-roɗin ta yi kwana uku tana atishawa sannan ta warware. Da yake ba dabbar zaman kaɗaici ba ce, bayan wata guda muka samo mata 'yar'uwa, ja mai farin goshi. Ranar kasuwar da ta wuce na tafi da ɗiyata wurin dattijon nan. Yana hango mu ya fara kwance igiya da kansa. Ita ta riga ni cusa hannu, ta zaro tsakiya ta kai hanci, ta yamutsa fuska ta ce, "Kaka, wannan ya sha ruwa." Ya karɓa ya sunsuna, ya ce da gaskiyarta, daga ƙasan tuli aka ɗauko shi. Ya ture shi gefe ya jawo mana wani.